Masuntan da Baba Lawal Ya So Su Yafe Masa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safen nan aka bugo min daga Tafashiya, ƙauyensu: Baba Lawal ya rasu.

Maƙwabcinmu ne a Kankia. Shi ya koya min keke, shi ya kai mahaifiyata asibiti ranar da duk unguwa aka rasa mota.

Ya daɗe a Saudiyya yana aiki a kamfanin da ke tace ruwan teku, a cire gishiri a kai wa gari. Shi ke kula da bututun da ke mayar da ragowar ruwan gishirin cikin teku.

Ganinmu na ƙarshe, na dawo Umra na kai masa tsarabar dabino. Ni da bakina da ba ya shiru, sai na hau ba shi labarin famfon otal: ruwa kamar da bakin ƙwarya, in sake shawa in yi ta tsayuwa.

Ya dube ni ya ce, "Nura, ka san inda gishirin ruwan nan ya tafi?"

Ya ce ragowar ta fi teku gishiri nesa ba kusa ba, ga magani a ciki. Nauyi gare ta, sai ta kwanta a ƙasan teku. Ciyawar ruwa ta mutu, kifi ya ƙaurace. Akwai masunta a wajen da ke ba shi kifi kyauta don ganin shi baƙo ne. Yana kallo suka riƙa dawowa da raga ba komai, kuma ko sun samu kaɗan sai sun ɗibar masa.

"Na ci kifinsu, ɗana, hannuna na kan famfon bututun. Ban taɓa faɗa musu ko mi nike yi ba."

Wallahi kunya ta rufe ni, har yanzu ba ta sake ni ba. Ruwan da nake alfahari da shi, ashe Baba Lawal da nauyinsa yake kwana.

Anjima a wajen jana'iza liman zai ce a yafe masa, duk mu ce mun yafe. Waɗanda ya so ya ji daga bakinsu suna can bakin teku, ko sunayensu ban tambaye shi ba.

Ya Allah, Kai Ka san su. Ka sanyaya zukatansu, Ka mayar musu da kifinsu, Ka gafarta wa Baba Lawal.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya haɗa da masuntan.