Goron da Muka Dawo da Shi daga Babban Mutum

Ana idar da sallar asuba muka bar Daura, mu mata biyar a ƙaramar mota, za mu kai kayan sa ranar Yayana garin Babban Mutum. Maza sun riga sun je sun nema an ba su, saura namu. Ni aka ɗora wa huhun goro a cinya, kafin mu kai Zango na yi sallama da ƙafafuna. Direbanmu kuwa bai bar rami ko ɗaya bai gaisa da shi ba. A Zango muka sayi ƙosai, ƙanana kamar maɓallan riga, tsadarsu kamar da man jirgin sama aka soya. Gwaggo ta yi ta faɗa, ta kuma cinye rabi.

Da hantsi muka isa. Gero ya yi kai a gonaki, gidan amarya an share shi tas. Aka kawo fura da nono mai kaurin da ludayi zai tsaya a ciki. Amaryar ta leƙo ta taga na yi mata gwalo, don mun saba tun tana zuwa makaranta a Daura, inda Yaya ya gan ta.

Sai mahaifiyarta ta fito gaisuwa. Ta zuba wa Gwaggo ido har na zaci bashi take bin ta.

"Baiwar Allah, ba ke ce ƙanwar malamin firamaren da ya zauna bayan masallaci ba? Wanda matarsa ta kwanta asibiti da jariri?"

Gwaggo ta ce ita ce. Matar ta zauna a ƙasa.

"Wannan jaririn shi ne angon?"

Babanmu ya yi koyarwa a garin kafin a haife ni. Innarmu, Allah Ya ji ƙanta, ta yi jinya mako biyu, maƙwabciya mai goyo, wato uwar amaryar nan, ta karɓi Yaya tana ba shi nono. Gwaggo ta san an yi haka, sunan matar ne ya ɓace mata. Mazan da suka zo nema kuwa a zaure suka tsaya, babu wanda ya tambayi wa ya sha nonon wa.

Aka kira limamin unguwa. Ya saurari matar, ya saurari wata tsohuwa da ta ga abin da idonta. Ya ce shayarwa tana haramta abin da haihuwa take haramtawa, yarinyar ƙanwar Yaya ce, babu aure har abada, kuma gara da aka sani yau. Daga ɗaki muka ji kukanta. Na sunkuya na sake ɗaukar huhun goron.

A hanyar dawowa, Yaya ya kira wayata sau tara, na kife ta a cinya.

Bayan la'asar muka shiga Daura. Yana tsaye a ƙofar gida da sabuwar shadda, abokansa na jiran a faɗi rana. Ya ga an sauke kayan yadda aka ɗora su. Gwaggo ta ja shi zaure. Da ya fito bai yi kuka ba, ni ya duba.

"Auta, ta ci abinci kuwa?"

Abin da na koyo shi ne, kafin maza su ɗauki hula su tafi neman aure, a fara zaunar da tsofaffin mata na gida biyu su yi hirar da. Har yanzu ban ba Yaya amsa ba, don ban gan ta ta ci ba.