Takun Gado Ya Gajarta

A Gidan Sori, in an ce gonarka taku ɗari ce, to takun Gado ake nufi. Shekara talatin yana aunar gonaki da ƙafarsa, ranar rabon gado ko ranar rikicin iyaka. Ba ya rubutu, duk lambobin suna cikin kansa. In ya fara taku ba a gaishe shi, ko Maigari ne sai ya jira, don gaisuwa tana ɓata ƙirga. Ni Nomau, maƙwabcinsa mai amalanke, ni ke kai shi in dawo da shi, kuma wallahi na gaji da wanga aiki tun kafin shi ya gaji.

Bara aka kira shi gonar Lantana. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da gona guda, wadda ta yi iyaka da ta ƙanen mijin, Faruku. Gobarar rani ta cinye gambar da ke raba su, kowa ya nuna inda yake so. Gado ya ce shi ya raba gonar nan shekara ashirin da suka wuce, rabon mamacin taku ɗari ne daga gindin gawo. Ya taka ɗari, aka dasa sabuwar gamba.

Lantana ta ce, "Baba Gado, ba nan ba ne. Ga surin da nake shuka yakuwa kusa da shi, yanzu ya koma gefen Faruku."

Wa zai saurare ta? Har ni na ce mata ta bar gardama, ba a musu da takun Gado. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Geronta ya ƙare tun kafin bazara, na ga 'ya'yanta suna tsintar ganye a bakin hanya.

Bana ɗan ƙanwar Gado, Abdussamad, direba a Legas, ya aiko masa da agogo. Wai na maigidansa ne, yana ɗaurawa in za shi wasan golf, inda manya ke dukan ƙwallo ƙarami da sanda suna binsa a ƙafa. Agogon yana magana da tauraron ɗan Adam. Ka danna nan, ka yi tafiya, ya gaya maka metir nawa ka yi. Yana da wani maɓalli kuma da ake ƙirga bugun ƙwallo da shi. Kullum sai agogon ya yi ta neman filin wasansa bai samu ba, ina zai samu a Gidan Sori?

Na ce, "Gado, ga wanda zai karɓe maka aiki."

Ya ce, "Yana da ƙafa? Ai ni zan ɗauke shi."

Maɓallin ƙirga ne ya fara burge shi, don tsufa ya sa lissafi yana zame masa. Duk taku goma sai ya danna sau ɗaya. Ya je gwaji a gonarsa, wadda tsawonta taku ɗari biyu ne cif tsakanin gawo da gawo, abin da ya sani tun yana saurayi. Ya dawo ya zauna a inuwar amalankena yana shafa gwiwa.

Ya ce, "Ɗari biyu da arba'in."

Na ce, "Agogon banza. Na gwanjo ne."

Ya ce, "Sau uku na taka, Nomau. Shekara uku ke nan ina samun fiye da ɗari biyu, ina cewa ƙirga ce ta ɓace mini. Gawo ba ya tafiya."

Sai na dubi ƙafafunsa. Kai! Kullum muna tare amma ban lura ba. Mutumin da a da nake sassarfa in bi shi, yanzu jan ƙafar hagu yake, takunsa ya koma kamar na mace mai ɗauke da tulu. Nan take na san gonar da yake tunani.

Ya hau amalanke muka bi tsawon gonarsa, agogo ya nuna metir ɗari da sittin. Ta Lantana rabin tasa ce, ya kamata ta ba da tamanin. Muka je, daga gawo zuwa sabuwar gamba. Sittin da bakwai. Na kora jaki gaba har agogo ya nuna tamanin, na tsaya. Ga suri a gefen tayar amalanke, da busassun karan yakuwa.

Ni dai na ba shi shawarar banza, ba zan ɓoye ba. Na ce ya yi shiru, wa ya sani? In ya buɗe baki, sunan shekara talatin ya tafi, kuma hadari ya fara haɗuwa, Faruku ya riga ya zuba taki a wurin. Bai ko dube ni ba. Ya ce in kai shi ƙofar Maigari.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka taru a gonar Lantana. Faruku yana ta kumfar baki, wai tun yaushe agogon Nasara ya fi dattijon gari?

Gado ya ce, "Ba agogo ya faɗa ba, ni na faɗa. Ranka shi daɗe, a sa wani mai ƙarfi ya taka gonata, a ga ko ɗari biyu ce. Sannan ya taka wannan."

Maigari ya sa Rashidu maƙeri, mai tsawon Gado. Ya taka gonar Gado, ɗari biyu cif. Ya dawo ta Lantana ya taka ɗari daga gawo, ya wuce sabuwar gamba, ya tsaya daf da suri. Faruku ya yi tsaki, amma shi da kansa ya tumɓuke gambar.

Gado ya juya wurin Lantana ya cire hula. Ya ce, "Ɗiyata, ba Faruku ya ci gonarki ba. Ƙafata ce."

Ta ce, "Na gaya maka, Baba." Ta juya masa baya, kuma ban ga laifinta ba. Damina guda ba ta dawowa.

A hanyar gida na ce masa to shi ke nan, ya huta, ya ba yara agogon su yi wasa. Yana ta danna maɓallin ƙirga a hankali, leɓensa na motsi. Na leƙa na ga goma sha ɗaya. Na tambaye shi na mene ne.

Ya ce, "Gonakin da na auna cikin shekara ukun nan. Gobe ka ɗaura jaki da wuri, kafin ruwa ya sauka."