Misis Han da Zomonta

Yau da safe ina ɗumama tasi a bakin gidanmu, sai ga maƙwabcina Mista Han ya sauko da silifas. Ya ce matarsa ta rasu a asibiti.

Na kashe mota. Har yanzu ban fita aiki ba.

Kun san ni, ba na yabon garin nan. Na daɗe ina yawo da fasinja a High Point Road, ban ga abin da garin Greensboro na Amurka ya ƙara min ba sai ciwon baya. Amma gaskiya gaskiya ce, matar nan ta yi min abin da ɗan uwa bai yi ba.

'Yar Koriya ce, bincike take yi a jami'a kan ƙananan yara. Ta taɓa yi min bayani muna jiran injin wanki. Wai a yarensu kalmomi iri ɗaya za su iya nufin "wa ya zo?" ko "wani ya zo?", hawa da saukar murya ne ke raba su. Ita kuma so take ta gano yaushe yaro ke fara kama wannan. Na ce a raina, wasu da aiki, wasu da wasa.

Ba ta tambayar yaro kai tsaye. Tana da wani zomo na tsumma da ake zura wa hannu. Zomon ne ke tambaya, yaron ya ba shi amsa, ita tana gefe da rakoda.

Lokacin 'yata Hafsat tana 'yar shekara biyar. In na yi mata Hausa, ko ta amsa da Turanci ko ta yi shiru. Na yanke shawara zan mayar da ita Kano wurin kakarta. Uwarta ta yi kuka har ta gaji, ban sauya ba.

Ashe Maman Hafsat ta hau bene ta kai ƙarata wurin matar, Misis Han. Ran wata Asabar sai ga Misis Han da zomonta.

Ta ce in yi wa yarinyar tambaya. Na ce, "Ke! Me kika ci?" Hafsat ta sunkuyar da kai.

Misis Han ta yi dariya. "Malam Sani, ni da ba na jin Hausa ma na tsorata. Yaro murya yake fara ji kafin magana. Ita faɗa ta ji, ba tambaya ba."

Ta sa ni na durƙusa bayan kujera, ƙato da ni, hannuna cikin zomo. Na siranta murya na ce, "Hafsatu, yunwa nake ji. Me kika ci?"

Can sai na ji Hafsat ta ce, "Shinkafa. Kana so?"

Na daɗe a bayan kujerar nan ban ɗago ba.

Hafsat ba ta tafi Kano ba. Yanzu ita ke hira da kakarta a waya, tsohuwar tana mata tsiya wai Hausarta ta Turawa ce.

Ganina na ƙarshe da Misis Han, ni na kai ta asibiti watan jiya. Ta rame sosai. Da za ta sauka ta ce, "Yaran da na ɗauka a rakoda, ƙananan ba su gane bambancin muryar ba tukuna. Amma za su gane. Kullum suna ganewa, lokaci kawai suke so."

Na san ba Musulma ba ce, kar wani ya zo min da wa'azi a ƙasan rubutun nan. Lamarinta na wurin Wanda ya halicce ta. Ni dai shaida ce na bayar.

Allah ya ba Mista Han da 'ya'yansa haƙuri. Allah ya raya mana namu, ya tausasa muryoyinmu a kansu. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa iyalin nan a addu'a. Jama'armu na nan gari kuma, in kun samu hali ku leƙo ku yi masa gaisuwa, 'ya'yan suna nesa, ba shi da kowa a kusa.