Gundumar da Baba Ya Ƙi Faɗa

Sati uku na yi ina koya wa mahaifina inda aka haife shi. Ni da ya yanka wa ragon suna, ni ce na zaunar da dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya a teburin kicin ɗina a unguwar Port Richmond, tsallaken ruwa daga Manhattan, ina yi masa tambaya kamar ɗan firamare. Wallahi ba raini ba ne, tsoro ne. An sa mana ranar intabiyu a ofishin shige da fice, ranar da za a duba ko a ba shi katin zama, ko a ce ya koma Laberiya. Can kuwa ba shi da kowa tun rasuwar Inna, ga ciwon suga, ga ido ɗaya ya fara dushewa.

Kakana Bakano ne. Fataucin goro ya bi har ya ɓulla Bopolu, wani gari cikin dajin Laberiya, ya yi aure ya zauna. A nan aka binne cibiyar Baba, a nan aka binne tawa. Lokacin da aka haife shi, gundumomin ƙasar a bakin teku kawai suke, cikin ƙasa duk larduna ne, namu ana ce masa Lardin Yamma. Yana tasowa gwamnati ta yanka lardunan ta mayar da su gundumomi, abin da mutanen can ke kira kaunti, aka wayi gari mutanen Bopolu 'yan Lofa ne. Shekaru da yawa bayan haka aka sake gutsuro kudancin Lofa aka yi sabuwar gunduma, Gbarpolu, aka ba Bopolu hedikwata. Ɗakin da kakata ta haife shi bai matsa ko taku ɗaya ba, amma sau biyu ana sauya wa ƙasar da yake kai suna.

To ga inda gizo ke saƙar. Tsohuwar takardar haihuwar Baba, wadda ya karɓa yana saurayi, Lofa ta ce. Sabon fasfonsa kuma Gbarpolu. Na kwashi takardun na kai wa wata lauya, ta duba ta ce wannan ba abin tashin hankali ba ne, in dai bakinsa ya yi daidai da takarda. Ya ce Bopolu, Lofa a da, Gbarpolu yanzu, shi ke nan. Amma ta ja mini kunne: in ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa sannan ya faɗi wani wuri dabam, abin ya tashi daga kuskure ya koma ƙarya, kuma ƙarya ɗaya ta isa ta rushe komai.

Ban ɗauki maganar da zafi ba sai ranar da na kai shi gwajin lafiyar da ake yi kafin intabiyu. Matar da ke cike fom ta tambaye shi inda aka haife shi, ko kallonsa ba ta yi ba. Baba ya buɗe baki ya ce Kano. Na yi wuf na gyara, na ce tsufa ne, matar ta goge ta sake rubutawa. A mota na tasa shi gaba da faɗa. Shi ko a jikinsa, ya ce ai in an ce mutum ɗan ina ne, garin ubansa ake tambaya, ba inda naƙuda ta kama uwarsa ba. Haka ne kam a wurinmu. Amma mutumin nan sai da ya shekara arba'in bai taka Kano ba, kuma da gudun yaƙi ya kai mu can, 'yan Laberiya ake kiranmu har a gidan danginsa.

Daga ranar na kafa masa aji. In na dawo daga aikin asibiti da la'asar, ko takalmi ban cire ba zan ja kujera. Garinku? Bopolu, wannan ba gardama. Wace gunduma take yanzu? Gbarpolu, har da gyara mini yadda ake furtawa. Wace gunduma ce a takardar haihuwarka? A nan keken ke tsayawa. Wata rana ya ce can sama. Wata rana ya ce ai mai intabiyun za ta gani a rubuce, me za ta tambaye shi. Wata rana ya miƙo kofi ya ce shayin ya huce. Yarana suna falo suna ƙyalƙyala dariya, suna jefo masa amsar da Turanci, shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Maigidana ya ce in sassauta, tsoho ba a yi masa haka. Na ce shi ya san sassauci, tunda ba ubansa za a ɗora a jirgi ba.

Ina da zuciya, ban ɓoye ba. Saura kwana huɗu, ya sake yi mini irin ta kullum, na buga tebur har cokali ya faɗi. Na ce masa, "Baba, so kake a mayar da kai ka mutu kai kaɗai a ɗaki? Kalma ɗaya ce fa. Gaskiya kawai na ce ka faɗa." Ya daɗe yana kallona da idon nan mai gani. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya ce, "Uwata, Allah ya huci zuciyarki." Ya tashi ya tafi alwala, ko lokacin salla bai yi ba.

Ni ma ba wai ban san tambayar nan tana da tarihi a gidanmu ba. Ina da shekara tara yaƙi ya tarar da mu a Monrovia, inda Baba ke da rumfar goro. Da ƙafa muka fita, mu huɗu: Baba, Inna, ni, da Yaya, babban wana, mai shekara goma sha tara. Kowane 'yan mil akwai shinge, igiya a gicciye da masu bindiga. Ba sa tambayar me ka yi. Tambayarsu ɗaya ce, daga wace gunduma ka fito, don gunduma ita ke nuna ƙabila, ƙabila kuma ita ke nuna ko za ka wuce. Maza layi dabam, mata dabam. A wani shinge ina riƙe da zanen Inna na hango an fitar da Yaya daga layi, ana tafiya da shi bayan wani gini, bokitinmu shuɗi yana hannunsa. Ban ji abin da aka ce ba, nesa ce. Baba ya iso wajenmu shi kaɗai, ya ce mu yi tafiya kada mu waiwaya. Ba mu sake ganin Yaya ba, kuma a gidanmu ba a taɓa zama an yi maganar ba. Ni kuma na girma na ajiye abin a matsayin abin da ya wuce, ban taɓa haɗa shi da teburin kicin ɗina ba.

Ranar intabiyu na goge masa farar riga da hula. Muka hau bas zuwa St. George, muka shiga jirgin ruwa tare da masu tafiya aiki, kowa da kofinsa a hannu. Ban iya zama ba. Ina ta lissafin abin da zan yi in an ƙi: wa zai riƙa yi masa allurar suga, wa zai karanta masa kwalin magani. Na sake yi masa tambayar a hankali, ya ce in bar shi ya yi lazimi. Da muka sauka ya nemi mu bi ta Canal Street ya gaisa da wani abokinsa Bazabarme mai sayar da agogo, na ce ko kusa, yau ba ranar gaisuwa ba ce.

A ƙofar ginin aka sa ya cire bel, ya zuba carbi da makulli a tire. Layi ne, mutum ɗaya ɗaya, ga masu kaki a tsaye. A nan na fara ganin abin da ban so ba. Baba ya sunkuyar da kai, ya manne hannuwansa a jiki, yana tafiya da sanɗa. Wannan tafiyar na san ta, shekara talatin da wani abu ban gan ta ba, sai ga ta a Manhattan.

Ofisar da ta kira mu mace ce, mai matsakaicin shekaru, da tabarau a rataye a wuya. Ta gaishe mu da mutunci, ta sa muka ɗaga hannu muka yi rantsuwa. Ta ce ni in yi shiru sai an tambaye ni. Baba yana jin Turancin Laberiya, don haka ba tafinta. Suna, ranar haihuwa, sunan uwa, sunan uba, duk ya amsa. Sai ta ɗauki takardar haihuwar da hannu ɗaya, fasfon da ɗayan, ta dubi wannan ta dubi wancan. Ta ce ta ga sunaye biyu, a wace gunduma aka haife shi?

Baba ya dubi fuskarta, ya dubi hannuwanta, ya dubi ƙofa. Na ga leɓensa yana shirin kawo Kano, na rantse na gani. Ina zaune kusa da shi, gwiwata na taɓa tasa, ba halin in ce uffan. Duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina, sai Innalillahi kawai nake maimaitawa a zuci. Ofisar ta sa tabaranta ta jira.

"Lofa," ya ce. Muryar ba tasa ba ce, ƙarama ce. Ya ƙara da cewa garin Bopolu ne, gwamnati ce ta raba gundumar daga baya.

Ta juya ga kwamfutarta, ta danna, ta karanta wani abu, ta gyaɗa kai. Ta ce eh, ta gani. Ta ajiye takardun ta tambayi adireshinmu. Ko minti ɗaya abin bai ci ba. Bayan 'yan tambayoyi ta ce komai ya yi daidai a wajenta, za mu sami wasiƙa a gida, ta miƙe ta buɗe mana ƙofa. Baba bai tashi ba. Yana zaune yana jiran wani abu, sai da na kama hannunsa na ce an sallame mu.

A jirgin komawa jikina ya saki, bakina ya buɗe. Na sayo masa shayi, na fara tsokanarsa. Na ce ashe dai ya iya, kalma ɗaya tak ya wahalar da ni sati uku, har na kusa yin hawan jini. Na ce da na san sai maganar Baturiya yake ji, da tuni na ɗauko masa ita haya. Bai yi dariya ba. Yana riƙe da kofin bai sha ba, yana kallon ruwa.

Can ya ce in zauna. Ya ce a shingen nan Yaya ne a gabansa a layi. Duk shingayen baya Baba ne ke fara amsawa, ya karanci fuska ya zaɓi abin da zai faɗa, amma a nan an sa yaron gaba. Yaya ya waiwayo yana tambayarsa da ido. Mai bindigar wurin babba ne, ba ya ihu, har sannu yake yi wa tsofaffi.

"Na ga kamar mai hankali ne," in ji Baba. "Na ce wa yayanki, faɗa masa gaskiya. Ya ce Lofa."

Sunan Musulmi da Lofa a tare, a wurin mutanen shingen nan, yana nufin wata ƙabila da suke farauta. Ba su saurari bayani ba.

"Da aka zo kaina na ce Kano. Aka ce in wuce."

Na zauna da jakar takardu a cinyata. Na shiga laluben shekarun nan duka, Kano, Monrovia bayan yaƙi, wayoyinmu na kowace Juma'a, ina neman rana ɗaya da na ji sunan gundumar nan a bakinsa. Ban samu ba. Sati uku ina buga tebur ina cewa gaskiya kawai zai faɗa, da kalmomin da shi ya faɗa wa ɗansa.

Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ban yi masa komai ba, ai ban sani ba. Ya kurɓi shayin, ya ce ya huce.

Katin ya zo bayan wata biyu, yana cikin aljihun rigarsa har yau. Duk fom ɗin da ya biyo baya, na asibiti, na magani, ni nake cikewa, in an zo layin nan in rubuta da hannuna in wuce. In wata ma'aikaciya ta ɗago kai za ta tambaye shi, ina riga ta amsawa.