Malam Datti, Taraktarka Ta Fita da Ƙafarta

Shekara tara da wata biyar ke nan rabona da Bunkure. Ko da Sallah ban koma ba, kuma ban zaci akwai mutuwar da za ta same ni a Abuja ta yi mini ciwo kamar ta gida ba, sai da taka ta zo, Malam Datti. Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, 2024, da hantsi, ina Sheda ina bai wa manoma haƙuri a kan jinkirin huɗa, Edward mai walda, maƙwabcin rumfarka a Apo, ya kira ni. Ya ce ka sunkuya kan inji, ka ce kanka na juyawa, aka zaunar da kai, ko asibiti ba a kai ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san ka ba: makanikin tarakta ne kai, Bazazzagi, kuma ba ka taɓa sababbi. Tsofaffin da aka shigo da su tun kafin a gina garin nan, su ne naka. Samarin gareji suna ce maka mai gyaran gawa. Ka ji, ka ci gaba da aikinka.

Ina dako a tashar Utako ka same ni. Ka ji ina gaya wa wani cewa na tuƙa tarakta a gonakin Kadawa, washegari ka miƙa mini makullin taka, wadda ka shekara shida kana harhaɗawa da hannunka. Babu takarda, babu mai tsaya mini. Abin da ka ce kawai shi ne, "Bakano, in za ka sayar da ita, ka sayar da tsada, kar ka ba Kanawa kunya." Da ita na yi shekara bakwai ina yi wa ƙananan manoman Sheda huɗa, su Mama Angelina da ƙungiyarta ta mata masu masara, waɗanda manyan taraktoci ba sa shiga gonarsu saboda ƙanƙanta.

Ban manta da attajirin da ya kawo tarakta mai sabon fenti ja, yana so ka shaida wa mai saye cewa yarinya ce. Ka ɗauki ƙusa ka kankare jikin injin, ka karanta lambar da ke ƙarƙashin fentin, ka ce, "Alhaji, wannan ta girmi ɗanka na fari, kuma injin ma ba nata ba ne." Bai sake kawo maka aiki ba, abokansa ma haka. Irin wannan gaskiyar ce ta bar ka a rumfar kwano har ka koma ga Allah, masu fentin ƙarya suna hawa bene.

Ba zan yi maka ƙarya don ka rasu ba. Kana da zafin rai, ka taɓa jifana da sifana saboda na bar baƙin mai ya sauka. Ba ka rubutu a littafi. Kuma ɗanka Nazir, ka kore shi daga rumfa da faɗa tun kafin ya san inda aka dosa. Shi ya sa ban ga laifinsa sosai ba da ya sayar wa Abdulmajeed ɗan gwangwan duk ƙarfen da ke rumfar, a kan kilo, bayan sadakar uku. Mai filin rumfar ya matsa masa, shi kuma tarkace yake gani. Matsalar ita ce taraktar tana ciki. Ita kake gyarawa ranar da ka faɗi, famfon mai a cire, cikinta a buɗe. Ruwa ya sauka, gonaki goma sha bakwai suna jiranta.

Na je na samu Abdulmajeed. Shi ma ba mugu ba ne, sana'arsa ce yanka ƙarfe. Ya ce, "Oga direba, ni mataccen ƙarfe na saya. Ranar Laraba motata za ta zo. Duk abin da ya fita daga rumfar nan da ƙafarsa, ba gwangwan ba ne, ba ruwana da shi." Yana dariya ya faɗa, domin ya san ni direba ne, ba makaniki ba.

Famfo uku ka bari a kan katako, kowanne ka kankara masa lamba huɗu da ƙusa. Ni da Edward muka duba farantin lambar da ke gaban taraktar, muka ɗauki famfon da ya yi daidai da shi, muka ɗaura. Yini guda muna fama, ko tari ba ta yi ba. Samarin layi suka taru suna cewa gawa ta bi maigidanta. Sai washegari, ina zaune na dafe kai, na tuna murfin gaban nan daga wata tarakta ka ciro shi a Lafiya. Farantin ba nata ba ne. Na shiga ƙarƙashinta, na goge giris na shekaru da tsumma da kananzir, sai ga lambarta ta gaskiya a jikin injin. Famfon da muka raina ne ya yi daidai da ita, mafi tsatsa a cikinsu, shi muka ɗaura.

Laraba da safe motar Abdulmajeed ta zo da masu wutar yanka. Muna cire iska daga bututun mai, batir ya mutu. Mutane suka ce a tura. Abdulmajeed ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, turi ba ƙafa ba ne." Edward ya ruga ya ciro batirin wata tifa da ake yi wa walda, yana cewa, "Ko mai shi zai kashe ni, sai ta tashi." Na murɗa makulli sau uku. A na huɗu ta yi baƙin hayaƙi, kwanon rumfa ya ɗauki rawa. Na fitar da ita a giya ɗaya, ta bi ta gaban duk waɗanda suka kira ta gawa. Abdulmajeed ya matsa gefe, ya cika maganarsa, Allah ya saka masa.

Don haka masu jiran ganin ƙarshen aikinka su ci gaba da jira. Na gaya wa Nazir a gaban mahaifiyarsa: taraktar ta magada ce, ni direba ne kawai, amma muddin ina numfashi ba mai sa mata wuta. Ranar Asabar zai biyo ni Sheda ya koyi tuƙa ta, kuma ba zan yi masa tsawa ba.

Allah ya jiƙanka, Malam Datti, ya yafe maka zafin ranka, ya sa gaskiyar da ta hana ka arzikin duniya ta tsaya maka a can. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalanka, Iya, da Nazir, da Sumayya, da dangi na Zariya, da Edward wanda ya yi kukanka kamar ɗan'uwa. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan.

Sauran kaya sun tafi a kan kilo: inji huɗu, akwatin giya biyu, da ƙarafan da kai kaɗai ka san amfaninsu. Abin da na iya tsirarwa shi ne tarakta ɗaya mai tafiya, garma ɗaya, sifana goma sha ɗaya, da gonaki goma sha bakwai, tara an huɗe, takwas saura.