Ɗigon Jan Farcen Hamma Shu'aibu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Shu'aibu Alhaji Barau, mai haɗa kwamfuta a unguwar Djamboutou. Likita ya ce hawan jini ne. Ban musa wa likita ba, ban kuma ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma na san wanda ya tayar da jinin nan, kuma yau zan faɗi sunansa.

Hamma Shu'aibu, ni ne Hamadu naka, mai ɗaukar bidiyon biki. Ka tuna zuwana na farko shagonka? Na shigo ina hura hanci, na ce a haɗa mini kwamfutar da ta fi ta kowa ƙarfi a Garoua. Ka bar ni na gama cika bakina, sannan ka ce, "Ina za ka ajiye ta?" Ka hau bayan babur ɗina muka je ɗakina. Ka ɗaga hannu ka taɓa kwanon rufin, ka duba soket, ka girgiza kai.

"Ƙanena, wannan ai tanda ce. A garin nan ba ƙarfi ake fara nema ba. Abin da zai jure zafi da wasan da wutar lantarki ke yi, shi ake nema."

Ranar na ga yadda kake zaɓen kaya. Kat-mer kake fara zaɓa, wato babban faifan da ake dasa sauran kayan duka a kansa. Ka ɗaga ta wajen haske, ka bi 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kanta ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya kumbura. Sai ka kai ta hanci ka shinshina, don ka ce marasa tsoron Allah na wanke tsohuwa da fetur su sa ta a sabon kwali. Ka nemo furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda ya dace da mazauninta. Ka zaɓi kat-mer mai gurbi huɗu na ram, 'yan faifan da ke ƙara wa kwamfuta sauri, ka cika biyu, ka ce in bar sauran sai Allah Ya buɗa mini. Akwatin wuta kuwa a tafin hannu kake auna shi, in ba shi da nauyi ka ture shi gefe ko wane suna aka rubuta a jikinsa. Har yau kwamfutar nan tana aiki, ko tari ba ta taɓa yi ba.

Kuma duk abin da ka gwada ka gamsu da shi, sai ka ɗiga masa jan farce. A kat-mer, ƙarƙashin ɗan batirinta kake ɓoye ɗigon. Mun sha tsokanarka a kan kwalbar nan. Matarka Hindu ma da ta fara ganinta a aljihunka sai da ta yini ba ta yi maka magana ba, har ka kai ta shago ka nuna mata. Ka ce da ita, "Ɗigon nan rantsuwata ce."

To, ga abin da ya faru, don wanda bai sani ba ya sani. Ƙarshen bara wani asibiti mai zaman kansa a Guider ya ce ka haɗa masa kwamfutar ɗakin hoton ciki. Ina zaune ka haɗa ta. Baƙar kat-mer ce da ka yi oda daga Douala, babu irinta a kasuwarmu, a gabana ka ɗiga mata ja. Mahaifiyarka na kwance ba lafiya, ba ka iya tafiya ba, sai ka ba Mahmudu maƙwabcin shagonka ya kai, tunda yana da mota. Mahmudun da kai ka koya masa riƙon sukundireba. Mahmudun da kuke cin tuwo a kwano ɗaya. Ya ɗauka da safe, bai kai ba sai washegari, ya ce taya ce ta fashe.

Ba a daɗe ba kwamfutar ta kama da wuta, ta ci labule, ta lalata na'urar hoton. Aka kira ka komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Ka yi ta roƙo a buɗe akwatin kwamfutar a nemi ɗigonka, aka ce kayan shaida ne, ba mai taɓawa. Sai Mahmudu ya miƙe, ba kunya ba tsoron Allah, ya ce ya daɗe da sanin kana wanke tsofaffin kaya. Wayyo! Kai da kake shinshina faifai don ka kare mutane, aka wayi gari ana kiranka mai wankin fetur. Masu kawo maka aiki suka koma shagonsa kana gani. Ka daina zuwa majalisa. Ka yi ta ramewa har ranar Talatar nan da ka faɗi a kan teburin aikinka.

Da ka rasu aka rufe shari'a, aka mayar wa asibiti akwatinsu. Madam Geneviève, babbar nas ɗinsu, ita ta ɗauko shi a motar haya har gidan makoki. Ta ajiye a gabana ta ce, "Hamadu, ni ban taɓa yarda ba. Buɗe mu gani." Na buɗe. Wata kodaɗɗiyar koriyar kat-mer na tarar, rabinta ya ƙone. Na ɗaga batiri, ba ɗigo. Akwatin wutar kuwa sakayau, kamar gwangwanin madara.

Washegari na tafi shagon Mahmudu na yi fuskar mai neman sabon gwani, na ce kat-mer nake so. Ya washe baki, yana ganin ya gaje abokin cinikinka na ƙarshe. Ya sauko da wani kwali yana cewa, "Sabuwa ce dal, Hamadu, jiya ta sauka daga Douala." Na saya. A ƙofar shagonsa na buɗe kwalin, sai ga baƙar kat-mer, na sa farce na ɗaga batirin. Ga ɗigonka nan, Hamma, ja wur, kamar yanzu ka ɗiga shi. Sakarai! Ya san kana sa alama, bai taɓa damuwa ya ga inda kake ɓoye ta ba.

Ranar sadakar bakwai ya zo ya zauna a tabarmarka yana matse ido. Na jera masa faifan biyu a gabansa, ƙonanniya da baƙa, a tsakiyar mutane. Ya tashi ya bar takalmansa.

Liman ya ja ni gefe ya ce in bar wa Allah. Malam, hisabin lahira na bar wa Allah, ba ni da hannu a ciki. Amma a kasuwa aka ɓata sunan Shu'aibu, a kasuwa zan wanke shi. Faifan nan biyu suna cikin jakar kamarata. Duk bikin da aka kira ni, daga Guider har Lagdo, sai na fito da su na ba da labari kafin in ɗauki hoton ango. Mahmudu, Allah Ya isa tsakaninmu da kai. Ban yafe ba, Hindu ba ta yafe ba, kuma marayun nan za su girma da sanin sunanka.

Allah Ya jiƙan Shu'aibu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa baƙin cikin da ya haɗiya ya zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna mahaifiyarsa, da Hindu da yara, da dukan zuriyar Alhaji Barau. Allah Ya ba ku haƙurin da ni na kasa samu.

Hamma, jiya Hindu ta ba ni kwalbar da aka samu a aljihunka, da ɗan saura a gindinta. Na je shagonka na tarar da shi a kulle. A jikin allon da ke saman ƙofa, daidai gefen sunanka, na ɗiga ɗigo ɗaya.