Mis Delrose da Tukunyar Garafuni

Ƙarfe bakwai na safe Mis Delrose Bent, ma'aikaciyar jinya, take fita daga asibitin ƙauyenmu, na'urar awon jini a jaka, lema a hammata, ta kama hawan tsaunukan Portland a ƙafa. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ranar Juma'a za ta ajiye aiki.

Ta san halinmu. Mutum zai sha ƙwayar hawan jini sati biyu, kai ya daina sarawa, sai ya ce ya warke, ya koma shayin garafuni. Haka babana, Mas Hopeton, ya yi, alhali shi ke riƙe mini 'yata Kerisha in na tafi aiki. Na roƙa, na yi faɗa, duk a banza.

Da Mis Delrose ta zo, ba ta ko ambaci ƙwaya ba. Ta zauna a baranda ta ce, "Mas Hopeton, rowar garafunin za ka yi mini?"

Ya zuba mata. Ta shanye, ta yamutsa fuska, sannan ta ɗaura masa na'ura. Ɗari da casa'in.

"Ƙarfenki ya tsufa kamar ke," in ji shi. "Ni garau nake."

"Maƙwabcinka Mas Cleveland ma garau yake ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. A bakin murhu ya faɗi. Kai wa kake ɗauke da ita in kana sauka daga matakalar nan?"

Baba ya dubi Kerisha a cinyarsa.

Ta tashi ta shiga kicin, ta ɗaure kwalbar maganin da zare a hannun tukunyar shayin. "Ban hana ka ganyenka ba, tsoho mai taurin kai. Amma kafin tukunya ta hau wuta, ƙwaya ta wuce."

Yau a ƙauyen nan gidaje da dama za ka ga kwalba tana reto a jikin tukunya.

Mis Delrose, ke ce ba ki taɓa raina abin da kakanninmu suka sha ba, kuma ba ki bar mu mun mutu a kansa ba. Mun gode. Masu tasowa a aikin nan, ku zauna ku sha ɗacin tukuna kafin ku buɗe baki.

Jiya awon Baba ɗari da talatin. Ya ce garafuni ne. Amma zaren yana nan, kuma da ya tsinke, shi da kansa ya sake ɗaurawa.